Wai lissafi na maza ne

Jiya 'yata ta ture littafin lissafinta, wai ƙawayenta sun ce lissafi na maza ne. Sai na zaunar da ita na ba ta labarin Farfesa Grace Alele-Williams, haifaffiyar Warri a 1932. Ta karanta lissafi a Ibadan, ta samo digirin digirgir a Jami'ar Chicago a 1963, zamanin da ko firamare ba kowace yarinya ake bari ta gama ba. A 1985 ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, can Benin.

Yarinyar ta ce, "Baba, tana raye?" Na ce ta rasu a 2022. Ta jawo littafin muka duƙufa. Tambaya ta huɗu dai, ni ma ta gagare ni.