Sana'ar motar asibiti, da bayanin da ya kamata ya riga mu isa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya kafin na ajiye. Na haɗa ɗan abin da na tara da kwasar adashi, na sayi Hiace 'yar Kwatano, na kai ta kasuwar Panteka a nan Kaduna aka cire kujerun baya, mai walda ya kafa mazaunin gado da na tukunyar oksijin. Yau motocinmu uku, direbobi huɗu, nas biyar.

Jama'a na zaton aikinmu jiniya ne da gudu. Akwai wannan, amma yawancin abincinmu daga ɗauko marar lafiya ne daga ƙaramin asibiti zuwa babba: asibitin Barau Dikko, ko asibitin sojoji na 44, ko mu miƙe hanyar Zariya har asibitin koyarwa na Shika. Sai masu wankin ƙoda da muke kaiwa muna dawowa da su. Tuƙi ba ya ba ni tsoro. Abin da ke hana ni barci shi ne mu sauke mutum a ƙofar sashen gaggawa, likita ya yi tambaya, a rasa mai amsawa.

Wani dare muka ɗauko wata mai ciki daga wajen Rigasa, jijjiga ta kama ta. Takardar da aka haɗo mu da ita layi biyu ce, ma'anarta dai a duba a taimaka. Muna isa likita ya ce an yi mata allurar maganiziyam? Ƙarfe nawa? Guda nawa? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin maganin nan shi ke tsayar da jijjiga, kuma idan ya yi yawa a jiki yana iya danne numfashi. Mijin ya ce, "Wallahi likita, na dai ga sun yi mata allura." Aka kira inda muka ɗauko ta, wayar na ta ƙara ba mai ɗauka. Allah ya yi da sauran kwananta, amma mintocin da muka ɓata a tsaye a wurin har yau suna raina.

Washegari na zauna na tsara fom mai shafi ɗaya: shekaru, awon jini, bugun zuciya, oksijin, suga, rukunin jini idan an sani, kowane magani da lokacin da aka ba shi. Nas ba ta barin a tayar da mota sai ta cike. Daga baya muka fara ɗaukar hotonsa muna turawa ta WhatsApp ga wadda na sani a asibitin da za mu. Ya yi aiki, amma aikin sanayya ne. Ranar da ƙawata ba ta kan aiki, shi ke nan. Ga kuma abin da ya fi damuna: hoton yana zama a wayar mutum, wayar da yara ke wasa da ita a gida, alhali a takardar wani lokaci har da cutar da mai ita bai gaya wa matarsa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin marar lafiya sirri ne, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa shi cikin bayanan da ake tsananta tsaronsu. Ko ba doka ma, amana ce.

Shi ya sa da na ji wata ƙungiya na ba da tallafi don haɗa motocin asibiti da asibitoci ta manhaja ɗaya, ban yi ƙasa a gwiwa ba. Rajistar kamfani, lambar haraji, lissafin da akanta ya duba, duk na tattaro. Muka samu shiga. Aka ba kowace mota kwamfutar hannu. Nas na shigar da bayani a hanya, idan sabis ya ɗauke na'urar ta riƙe, da ya dawo ta tura, kuma ba mai buɗewa sai da lambar sirri.

Ranar da abin ya zauna daidai, daɗi gare shi. Mun taɓa ɗauko wani da ya yi hatsari bayan Maraban Jos, kafin mu wuce gadar Kawo an ga awonsa yana sauka, an tanadi jini, muna isa gado na jiranmu a ƙofa. Direbana ya ce, "Hajiya, yau kamar ba a ƙasar nan ba."

Sai dai kuɗin tallafi na son abin da za a ɗauki hotonsa. Ya sayi na'ura, ya biya taron bita a otal har da kuɗin mota, amma babu data ta wata-wata, babu caji, babu albashin wanda zai zauna yana duba allon da ƙarfe biyun dare. A wani asibitin, na'urar tana kulle a durowa, mai makullin ta tashi tun la'asar. A wani kuma suna da tasu manhajar wadda ba ta ga maciji da tamu, sai nas ta sake buga komai da hannu, ga layi na jiranta. Ban ga laifinta ba idan ta ƙi. Sannan bayanin hanya ɗaya yake bi: muna turawa, ba a dawo mana da yadda aka ƙare, balle mu san inda muka yi kuskure mu gyara.

Dokar 2014 ɗin nan ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun lafiya a matakin farko, kashi 5 na asusun kuma na agajin gaggawa ne. Ni a ganina irin wannan kuɗi mai ɗorewa ne ya dace ya riƙe mai zaman allo, tunda tallafi yana da ranar ƙarewa.

Namu saura wata huɗu. Na sa kuɗin data cikin lissafin man mota, fom ɗin takarda kuma ban daina buga shi ba, kowace mota na ɗauke da dami guda. A takardar neman sabuntawa na rubuta albashin mutum biyu masu kwana a gaban allo. Suka dawo da ita, wai ba ya cikin abin da suke biya. Na rage kwamfutar hannu biyu daga jerin, na mayar da layin albashin, na sake turawa ranar Litinin.