Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Na Iya Karatu, Babu Abin Karantawa

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda na gama makarantar makafi ta Yamai, Kawu ya zo ya ɗauko ni muka kamo hanyar Maradi. A jakata akwai allon rubutun Braille, wato rubutun makafi da ake shafawa da yatsa, da tsinkensa, da ƴan littattafan da wata malama ta ba ni kyauta. Kafin damina ta wuce na maimaita su har na haddace, ɗigon wasu shafukan ya kwanta saboda yawan shafawa. Daga nan kuma shi ke nan. Garin nan cike yake da rubutu, daga babbar kasuwa har unguwar Zariya, amma ko layi ɗaya babu wanda yatsana zai iya bi.

Mutanen Maradi ba su da rowar taimako, wannan kam zan shaida ko a gaban wa. Ka miƙa takarda, wani zai karanta maka. Sai dai mai ido bai cika lura da abin da ke cikin wannan taimakon ba. Bayan aurena, na dawo daga awon ciki da takardar gwaji a hannu, maigidana yana Jibiya wajen fatauci. Babu kowa a kusa sai ɗan maƙwabta mai zuwa lakwal. Yaron nan ya tsaya tsakar gida yana haɗa baƙin Faransanci da ƙarfi, matan gidan suna daka suna saurare. Kafin la'asar unguwa ta san abin da ni mai jikin ban gama fahimta ba. Yaron ba shi da laifi, matan ma haka. Amma na kwana ina kuka, domin na yi shekaru ina koyon karatu, ga shi sirrina yana hannun duk wanda ya fi kusa da ni a ranar. Takardar kuɗin wuta, wasiƙa, sammaci, takardar gadon gona, duk haka makaho yake da su.

A zauren wani dattijo makaho a Bagalam muka fara haɗuwa, mu da muka yi boko da waɗanda ba su yi ba. Baba muke ce masa. Mahaddacin Alƙur'ani ne, yana saƙa igiya yana sayarwa. Ranar da na fara kawo maganar kwafe takardu, sai ya ce, "Ƴata, ni izu sittin da kunne na ɗauke su. Me zan yi da tsattsaga takarda?"

Na ce, "Baba, Alƙur'ani ba ya sauyawa. Takardar likita kuwa kullum sabuwa ce."

Ya yi shiru, sannan ya ce mu zo duk Asabar, zaure namu ne.

Ba makafi kaɗai ba ne. Akwai wani saurayi da shan inna ta kama tun yana ƙarami, yana zuwa a kekensa na hannu. Idonsa ras, kuma ya iya buga rubutu a kwamfuta. Shi ke karanta mana, mu muna hudawa. Akwai wata kurma mai ɗinki, ita ce ta gyara mini tunani. Ni da a zatona duk mai ido ya huta da matsalar rubutu. Ashe dogon Faransancin ofis katanga ne a wurinta, ga shi ba ta jin sanarwar rediyo da mu muke dogaro da ita. Abin da take so gajeren bayani ne da zane. Ita take zana mana rana da wata a jikin kwalin magani domin ƴan uwanta su gane na safe da na dare.

Bari in faɗa muku yadda aikin yake, don da yawa ba su taɓa riƙe allon ba. Kowane harafi gida ne mai gurbin ɗigo 6, uku a hagu uku a dama, kuma daga waɗannan ake fitar da alamomi 63. Ana sa takarda mai kauri cikin allo a riƙa hudawa da tsinke daga dama zuwa hagu, saboda sai an juya takardar ake karantawa. Wato kana rubutu kana juya kowane harafi a kanka. Shafi ɗaya na mai ido yakan cinye kusan uku namu. Takardar ainihi tana da tsada, sai an aiko daga Yamai, don haka tsofaffin kalanda da bangon littattafai muke bi muna roƙa a shaguna. Idan hannu ya gaji nakan tuna Louis Braille. Ɗan Faransa ne, an haife shi a 1809, ya rasa idonsa yana yaro bayan ya ji rauni a shagon dukancin mahaifinsa, kuma yana da shekara 15 ya tsara rubutun nan. Makaho ne ya yi wa makafi, bai jira mai ido ya tuna da shi ba.

Abin da muka fi kwafewa darussan yara makafi ne da aka sa aji ɗaya da masu ido. Malami ya rubuta a allo, kowa ya kwafa, yaron yana zaune hannu a cinya. Mukan karɓi littafin abokin zamansa ran Juma'a, mu mayar ran Litinin tare da nasa. Sai kuma alamun magani. Uwa makauniya mai kwalaben ruwan magani biyu masu siffa ɗaya, na zazzaɓi da na tari, cikin dare yaro yana zafi, ita ta san darajar ɗan ƙaramin rubutun da muke mannawa a murfi. Baba kansa daga baya ya koyi lambobi, don ya riƙa ajiye lissafin masu cin bashin igiyarsa.

Zuwan salula mai magana ya sauƙaƙa mana da yawa. TalkBack na karanta abin da yatsa ya taɓa, a kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda makafi biyu ƴan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka soma a 2006 suka bar ta kyauta. Amma tawa na'urar, rubutu kawai take karantawa. Idan aka ɗauki hoton takarda aka turo a WhatsApp, yadda ake yi da kusan kowace sanarwa a garin nan, abin da za ta ce mini kawai shi ne hoto ne. Sanarwar rigakafi, ta ɗaukar aiki, ta rabon tallafi, haka suke wuce mu.

Wannan ya kai mu wani ofishi, ni da saurayin nan. Matakala ta tare kekensa, ya tsaya waje, na shiga ni kaɗai. Na ce wa shugaban, "Ranka ya daɗe, ba kuɗi muka zo nema ba. Sanarwar da kuke bugawa a kwamfuta, a turo mana rubutun kansa kafin a ɗauke shi hoto."

Ya ce, "To Hajiya, ba ku da yara a gida da za su karanta muku?"

Na ce masa Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma sashe na 21 ya yi maganar samun bayani ta hanyar da mutum zai iya karantawa. Ya ce zai duba. Ina fitowa sakatariyarsa ta biyo ni ta kama hannuna, ta ce, "Yaya, ba ni lambarki. Ai ni ke bugawa, kwafewa kawai zan yi." Har yau tana turowa, kuma daga wurinta muke rarraba wa sauran.

Hausa ce ta fi ba mu wuya. Muryar salulata ta Faransanci ce, idan ta shiga rubutun Hausa sai ta dagula shi, baƙaƙe masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ kuma ta yi tuntuɓe a kansu. Ga shi yawancin makafin Maradi, na gari da na ƙauyukan Tibiri da Madarumfa, ba su yi lakwal ba. Saboda su, duk sanarwar da ta shigo sai mu mayar da ita Hausa, in karanta da bakina a saƙon murya, a hankali, in maimaita rana da wuri sau biyu. Kurmar nan kuma ta yi wa nata mutanen bidiyo da maganar hannu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yarinyar farko cikin yaranmu da ta zauna jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, da yadda muka yi har takardar tambayoyi ta iso gabanta da rubutun da za ta iya shafawa.