Abin da na koya wajen kula da ciyawar fescue a Ingila

Mu da muka tashi da ƙiri-ƙiri mun saba da ciyawar da ke son rana. Duk inda ta samu zafi da ɗan danshi sai ta shimfiɗu, amma da zarar ta shiga gindin darbejiya sai ta tsumbure. Aikin kula da lambunan gidaje a arewacin Ingila ne ya haɗa ni da wadda halinta ya sha bamban, wato fescue mai siririn ganye, wadda masana tsirrai ke kira Festuca rubra. Ganyenta siriri ne kamar allura. Tana jin daɗin girma idan yanayi yana tsakanin digiri 15 zuwa 24, kuma tana iya rayuwa a ƙarƙashin bishiya inda sauran ciyayi ke gazawa.

Babban darasin da na ɗauka shi ne, ɗawainiya mai yawa ce ta fi kashe ta. Mai gida zai ga ciyawar gindin bishiyarsa ta yi shara-shara, tausayi ya kama shi, ya zuba mata takin zamani, ya bi ta da ruwa safe da yamma. Naitirojin kuwa, sinadarin da ke cikin takin, ganye yake zaburarwa. A inuwa babu isasshen hasken da zai ciyar da wannan sabon ganyen, sai ya fito dogo, lagwai-lagwai, saiwa kuma ta raunana. Ga ƙasa kullum a jiƙe, abin da fescue ba ta ƙauna ke nan, domin ƙasa mai tsane ruwa take so. Shi ya sa muke ba ta taki kaɗan, ruwa kuma sai ta nuna ƙishi, a ba ta ya ratsa ƙasa sosai sannan a ƙyale ta.

Amma yunwar takin ma tana da iyaka. Idan ta yi yawa a lokacin damshi, za ka ga tabo-tabo sun bushe, in ka durƙusa ka duba bakin ganyen sai ka tarar da wasu 'yan zare jajaye. Cutar fungas ce, wato dangin funfuna, kuma sau da yawa ɗan taki kaɗan ya isa ta farfaɗo.

Wajen yanka, muna ɗaga wuƙar inji mu bar mata santimita 6 zuwa 8 a inuwa, saboda da ganyen take kamo ɗan hasken da ke ratsowa. Ba ma cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a yanka guda. Iri kuwa ƙarshen Agusta zuwa Satumba muke watsawa, ƙasa da sauran ɗuminta. Idan bishiyoyi suka fara zubar da ganye, dole a riƙa bi da manjagara, in ba haka ba su danne jaririyar ciyawar ta ruɓe.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne faɗa wa mai gida gaskiya. Jure inuwa daban, rayuwa a duhu daban. Fescue tana buƙatar hasken kamar awa huɗu a rana, ko da mai ratsowa ta cikin ganye ne, kuma ba ta jure yawan takawa. Inda rassa suka rufe ruf, ko inda yara ke buga ƙwallo kullum, ba na yarda mutum ya ɓarnatar da kuɗinsa a kan iri. Nakan ba shi shawarar a sassabe ƙananan rassan tukuna, in hasken bai samu ba a shimfiɗa ɓawon itace a wurin.