Furojet dina kan kisan Yahudawa, da shekarar da ya ci min

Yau na gama kiliyarans, shekara guda cur bayan 'yan ajinmu sun tafi bautar kasa, shi ne na ce bari in rubuta wannan ko na samu in huce.

Tun ranar da na zabi yin furojet kan kisan kare dangin da gwamnatin Hitler ta yi wa Yahudawan Turai abokai suke min tsiya, wai duk tarihin Sakkwato da Borno bai ishe ni ba. Ni kuma a raina so nake in tono wata gaskiya da aka boye, in burge dipatmen. Wani dare na ci karo da bidiyo a YouTube, mutumin yana nuna allon tunawa na sansanin Auschwitz, inda gwamnatin Hitler ta rika tsare mutane tana kashe su a Poland, da can an rubuta mutum miliyan 4 ne suka mutu a wurin, daga baya aka cire aka sa miliyan daya da rabi, sai ya ce to in an rage miliyan biyu da rabi a nan me ya sa jimillar Yahudawa miliyan 6 da ake cewa an kashe ba ta motsa ba? Wallahi ji na yi na tsinci dami a kala. Babi na uku gaba daya a kan wannan na dora shi, na kai wa sufabaiza, ya juya shafi biyu yana waya, ya sa hannu da jan biro.

Ranar difens malamin da aka gayyato daga waje wani dattijo ne, bai daga murya ba ko sau daya. Ya sauke tabarau ya ce, "Yaro, wa ya kirga miliyan 4 din nan?" Na yi tsuru tsuru. Ya ce kwamitin Tarayyar Sobiyet ne ya kiyasta a 1945, kuma masanan da suka yi lissafin jimillar ba da shi suka yi aiki ba, masanin tarihi Raul Hilberg tun 1961 ya kawo miliyan 5.1 alhali kusan miliyan daya kawai ya ba Auschwitz. Wato abin da nake ta debewa ba a taba zuba shi a lissafin ba. Sai ya ce, "Me ya faru a Babi Yar?" Ko sunan ban taba ji ba.

Abin da ya fi kona min rai shi ne da aka juya wajen sufabaiza na sai ya ce, "Ai na gaya masa ya cire, Farfesa, yaran yanzu ba sa jin magana." Ga sa hannunsa nan fa a kan tebur. Na bude baki, hawaye ne suka so zuwa, na yi shiru.

A shekarar da na maimaita na zauna na yi karatun da ya kamata in yi tun farko. Babi Yar wani kwazazzabo ne a gefen birnin Kiyef na Ukraine, ranar 29 da 30 ga Satumba 1941 aka harbe Yahudawa 33,771 a ciki, kuma su makasan ne da kansu suka aika adadin Berlin a rahoto. Nan kaina ya daure, ashe yawancin hujjar takardun ofis ne. Taron Wannsee na 20 ga Janairu 1942, inda aka tsara yadda za a aiwatar da kisan, manyan jami'ai 15 karkashin Heydrich, wani babban jami'in tsaron Hitler, Eichmann da ke aiki a karkashinsa na rubuta bayanin taro, da jadawalin Yahudawa miliyan 11 kasa bayan kasa. Hukumar jirgin kasa ta Jamus har kudin tikiti take caji na kai mutane sansanonin, fenik 4 (kwabon Jamus) kowace kilomita, yara rabin kudi, 'yan kasa da shekara hudu kyauta. Na kwana biyu ina tunanin akawun da ya zauna ya buga wannan lissafin ya tashi aiki ya koma gida cin abinci. Kuma Tirebilinka kadai, wani sansanin kisa a Poland, wurin da ko ambatonsa ban yi ba a tsohon babin, ta ci mutum sama da 800,000.

Wani abokina ya ce to Falasdinawa fa. Na ce abin da ake musu yana ci min rai kamar kowa, amma yaran da aka jefa a kwazazzabon nan a 1941 ko kasar Isra'ila ba a kafa ba, sai 1948.

Sauran kanana ne. Duk adadin da ka gani ka nemi wanda ya kirga. Kar ka dauka sa hannun malami na nufin ya karanta. Ka yi fotokwafin duk shafin da ya taba.

Dazu a kan matattakala na hadu da sufabaiza na, ya dafa kafadata ya ce ka ga amfanin gyaran da na sa ka yi ko. Na ce na gode Malam. Tsohon babin mai jan biron yana kasan akwatina, Umma ta so ta kunna wuta da shi na hana.