Nagetif da wayar atin: a ina ya dace su haɗu?

Abu biyu ne masu harhaɗa kayan lantarki suke yawan gwamawa. Akwai GND da ake rubutawa a kan bod, wanda galibi shi ne nagetif, layin da aka ɗauka a matsayin sifiri, daga gare shi ake auna sauran wutar da'irar. Akwai kuma atin, wayar nan mai kore da ruwan ɗorawa da ta tashi daga babbar ƙafar filogi ta nufi sandar da aka kafa a ƙasa. Na farko ma'auni ne, na biyu kariyar rai ne. Rediyo mai batir tana da GND, kuma tana aiki ba tare da ta taɓa ƙasa ba.

Kafin ka haɗa komai, duba ko an riga an haɗa maka. Zare filogin, ka sa mita a kan om, ka auna tsakanin nagetif da ƙafar atin. Idan ta nuna ƙasa da om 1, a haɗe suke. Haka kwamfutar tebur take: GND ɗinta na manne da akwatinta na ƙarfe. Saboda haka da ka soka mata Arduino, ƙaramin bod ɗin nan da ake saka wa manhaja, ta USB, bod ɗinka ya hau atin ko ba ka nufa ba. Osiloskof, na'urar da ke nuna siffar wuta a allo, mai amfani da wutar gida ma haka ne. Maƙala ɗan kadansa, wato maƙalin wayar GND ɗinsa mai kama da bakin kada, a wani wuri da ba GND ba a irin wannan bod zai haɗe wurin da ƙasa, layin tagulla ya ƙone, wani lokaci har da ramin USB.

Caja mai ƙafa biyu kuwa a rataye take, wato nagetif ɗinta ba ya haɗe da atin. A cikin yawancinsu akwai ƙaramar kafasita, kamar nanofarad 1 zuwa 2.2, tsakanin ɓangaren wutar gida da na fitarwa. Ita ke sa mita ta nuna kusan rabin bolt 230 tsakanin nagetif da ƙasa, kuma ita ke kawo ɗan zir-zir ɗin da ake ji a jikin na'ura. Wutar ba ta kai miliyam ɗaya ba, amma tana iya lalata ƙofar MOSFET, wani nau'in taransista. Haɗa nagetif da atin yana kashe wannan matsalar.

Inda aka fi yin kuskure shi ne yawan mahaɗa. A ganina wuri ɗaya tak ya kamata su haɗu. Idan amfilifaya da kwamfuta kowanne ya haɗa GND da atin, sannan wayar sauti ta sake haɗa su, an samu zobe. Wutar gida mai bugu 50 a daƙiƙa za ta riƙa zagaya shi, lasifika ta kama gurnani. Wasu sai su karya ƙafar atin, gurnanin ya tsaya. Kada a yi haka: ranar da waya mai wuta ta taɓa akwatin, fiyus ba zai tsinke ba, jikin mutum ne zai zama hanyar.

Ga gyaran da ya dace. A ɗaure atin kai tsaye a jikin akwatin da kusoshinsa na kansa, bayan an kankare fenti, a sa washa mai haƙora. Tsakanin akwatin da GND sai a jera abu uku kafaɗa da kafaɗa: rasista om 10 mai wat 5, kafasita nanofarad 100, da manyan dayod biyu, ɗaya na kallon gaba ɗaya baya. Rasistar na rage wutar zoben, kafasitar na zubar da hayaniyar rediyo, dayod ɗin kuma na buɗewa idan wuta mai haɗari ta biyo. Shi ya sa ake zaɓar masu ɗaukar am 35, kada su mutu kafin fiyus.

Mai jera na'urorin wuta biyu na bolt 12 don samun +12 da -12 ya kula. In nagetif ɗin kowacce na kan atin, mai ba da -12 ɗin za ta haɗe da kanta ta cikin wayar bango.

Akwai kuma da'irar da ba a kusantar da ita da atin sam: wadda ba ta da taransifoma, kafasita kawai ke rage mata wuta, irin ta fitilun caji masu araha. GND ɗinta na iya ɗaukar wutar gida gaba ɗaya. Irin wannan sai a rufe ta cikin roba, in za a yi mata awo a ciyar da ita ta taransifoma mai raba ta da wutar bango.