Ranar da na kwafsa a gaban dattijon benenmu a Karkason

Wata na bakwai kenan a Karkason, kudancin Faransa, ina wankin kwanoni a wani resto cikin tsohuwar ganuwa, kuma har yau in na tuna lahadin nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Akwai wani dattijo a benenmu, shi kaɗai ke tsayawa mu gaisa kamar mutane, sauran sai bonju a tsaitsaye kowa ya wuce. Shi ya ja ni kallon wasa a filin Albert Domec. A bakin filin ga mutum-mutumin wani, ni kuma sarkin iyayi, don kar a ce baƙauye ne, na ce ai na san rugby, ina ganin ɗan wasan Faransa Antoine Dupont a tele, wannan ma irinsu ne ko? Wallahi kallon da tsohon nan ya yi min kamar na zagi mahaifinsa. Ashe rugby biyu ne, su Dupont mutum sha biyar ne a ƙungiya, su kuwa nan mutum sha uku, kuma akwai tsohuwar jiƙaƙƙa, don a 1941 gwamnatin Vichy, wadda ta mulki Faransa lokacin mamayar Jamus, ta haramta nasu wasan ta kwashe dukiyarsu, shekaru da yawa ko sunan rugby ba a barinsu su kira shi.

Mutumin da na haɗa da Dupont, Puig Aubert ne, suna ce masa Pipet saboda taba ba ta barin bakinsa, har a cikin fili yana zuƙa. Shi ne kaftin da Faransa ta je Ostireliya a 1951 ta ci wasa biyu cikin uku, shi ne kuma kaftin a wasan ƙarshe na kofin duniya na farko a 1954, Birtaniya ta doke su 16 da 12 a Paris. Da ya aje wasa ya koma horar da yaran Karkason, nan ya rasu a 1994. Tsohon yana ba ni labari muryarsa na rawa, ni kuma kunya ta hana ni ɗaga kai.

Can na ji zuciyata ta koma Maraɗi, don haka Baba yake in an taɓo Kantu da takobin kokowa, sai ya miƙe yana gwada yadda ake kama ƙafa, Inna na cewa Malam zauna kar ka faɗi. Na so in gaya wa tsohon mu ma muna da namu, faransancin ya gudu ya bar ni.

Da dare na kira gida. Baba ƙafar ta matsa masa, bai fita ko masallaci yanzu, Inna tambayarta ɗaya, ina samun tuwo? Ƙanena kuwa rigar PSG yake jira tun azumi, ban ma gaya masa Paris ta fi kilomita 700 daga nan ba.