Asabar ɗin Yaɓen Soro

Asabar, bayan isha'i.

Har yanzu ƙafafuna jajur suke. Sau biyu ina wanke su da soso da sabulu, amma jar ƙasar nan ta shige ƙarƙashin farce ta yi zamanta. Uwargida sai dariya take yi min, wai na sa lalle ban gayyace ta ba. Bayana kuwa kamar an yi min dukan sakwara. Bari dai in rubuta abin da ya faru kafin barci ya kwashe ni.

Yau muka yi gayyar yaɓen soron kakanmu. A cikin birnin Kano gidan yake, a wani lungu da ko a-daidaita-sahu ba ta shiga, ba nisa da kasuwar Kurmi. Soro ne na ƙasa mai ɗaurin guga, da zankwaye huɗu a kansa, ko in ce uku da rabi, don daminar bara ta cinye kan na kusurwar gabas. A cikinsa kakanmu ya yi makarantar allo har ya rasu, a nan ake ɗaura auren 'yan lungun, a nan ake zaman makoki. Shi ya sa da maganar gyara ta taso, maƙwabta suka ce su ma da su. Aka yi karo-karo, mai dubu biyu, mai dubu biyar, wata tsohuwa mai ƙosai ta aiko da ɗari biyar a ƙulle a leda, ta ce a sa mata a cikin ladan.

Ana idar da sallar asuba magini ya iso. Dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, gado ya yi wajen mahaifinsa. Tun Laraba ya sa aka zube ƙasa a bakin lungu, aka jiƙa ta, aka watsa mata busasshiyar ciyawa, aka bar ta tana ruɓa. Da ya zo bai kula kowa ba sai da ya damƙi ƙasar, ya murza, ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya ce, "To, ta nuna. A tuɓe takalma." Haka muka shiga, mu goma sha wani abu, manya da samari, muna takawa muna cuɗawa kamar masu rawa, sanyin safiya yana ratsa ƙafa har cikin ƙashi. Mata daga cikin gida suka miƙo kunun tsamiya da ƙosai. Wani yaron maƙwabta da ya saba da wayar hannu kawai, minti goma bai yi ba ya zame ya zauna daɓas a ciki, aka yi ta shewa.

Rigimar ba ta fara ba sai da Baba ya zagaya bangon arewa. Wannan bangon, shekara goma sha biyar ke nan ko fiye, Baffana ya sa aka shafe shi da siminti da kuɗin aljihunsa, kuma a lokacin kowa albarka ya sa masa. Baba ya lanƙwasa yatsa yana ƙwanƙwasa bangon yana tafiya, kamar mai zaɓen kankana. Nan ya ce ƙwas, can ya ce ƙwas, sai wani wuri ya ce bum, kamar ganga. Ya sa bakin cebur ya ɗan ɓamɓara, sai ga falle guda na siminti ya taho, ya kai faɗin tabarma. Abin da ke bayansa ya ba ni tsoro. Tubalin ya jiƙe ya yi baƙi, in ka taɓa sai ya zube kamar garin tuwo, kuma ga shi rabonmu da ruwan sama wata biyar.

Baffa ya ce, "Malam, ni fa gyara na yi."

Baba ya ce, "Gyara ka yi, Alhaji, Allah ya ba da lada. Sai dai gyaran gangar Auzinawa ne. Ita ƙasa numfashi take yi. Ta sha ruwa da damina, ta fitar da shi da rani. Ka toshe mata hanci, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa ta inda zai fita, sai ya zauna yana cin ta a ɓoye."

Baffa bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Ya ce shi tun farko ra'ayinsa a rushe, a ja bulo, a buga kwano, kowa ya huta. Ya kawo zancen Zariya, yadda a watan Agusta 2023 wani sashe na tsohon masallacin Juma'a ya rufta kan mutane suna sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Ya ce in har ginin Babban Gwani, da aka yi tun wajen shekarun 1830, zai iya zubowa, to soron malamin allo fa? Gaskiya ban raina maganarsa ba. Yara ke wasa a soron nan kullum. Wanda ya taɓa tono mutum daga ƙarƙashin katanga ba ya yi wa ginin ƙasa kallon kayan ado. Baba bai yi musu ba. Ya sa tsani, ya hau ya duba azarorin ɗaya bayan ɗaya, yana soka musu ƙusa. Ya sauko ya ce duka lafiya lau suke in ban da biyu da ke ƙarƙashin indararon da ya toshe, su kam sai an canja su kafin ruwa ya sauka, kada kuma a bar yara su kwana a ciki sai an yi. Giginya ce, gara ba ta cin ta, amma ruwan da ya kwanta yana ruɓar da ita. A kan haka aka tsaya, Baffa ya ce zai gani.

Ina cikin miƙa masa curin ƙasa na tambaye shi me ya sa yaɓen mutanen da ya fi daɗewa. Ya ce ai laso suke yi. A samo katsi daga karofi, irin na Ƙofar Mata, a haɗa da gashin jima daga Majema, a zuba ruwan dafara, a kwaɓa. Ya ce in aka shafe rufin soro da shi sai ya shekara da shekaru ruwa na zamewa a kai. Mu dai ƙarfinmu bai kai nan ba, makuba za mu yi, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ce ke ba bango wannan launin ja mai duhu. Hannunsa abin kallo ne. Ya maka curi a bango, ya bi da tafin hannu sau ɗaya, sai ka ga wurin ya kwanta luf da sawun yatsu a jere. Na gwada nawa, ya dube shi ya ce, "Malam, kai dai ci gaba da miƙowa."

Da rana ta take muka tsaya. Bayan azahar na koma inuwar soron da 'yar yayana, wadda ta karanta zanen gine-gine, muka buɗe kwamfuta kan takardar neman tallafin da muke fama da ita mako uku. Ita ta gano wata gidauniya ta ƙasar waje da ke ba da kuɗin gyaran tsofaffin gine-gine. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a nan. Asusun jakadun Amurka na adana kayan tarihi, wanda aka kafa a 2001, ya taɓa ba da kuɗin gyaran Ƙofar Kansakali, ya kuma ba da na hasumiyar Gobarau a Katsina. To amma waɗancan kayan sarauta ne da hukuma ta san da zamansu. Namu soron talaka ne.

Hotuna mun ɗauka, awo ta yi, tarihin gidan na rubuta iya abin da na ji daga bakin manya. Sai muka zo kan tambayar wane ne mai ginin, a haɗo da takardar shaida. Muka dubi juna. Gidan gado ne da ba a raba ba, magada sun haura talatin, wasu suna Legas, ɗaya yana Saudiyya ya fi shekara ashirin, akwai kuma biyu da ba sa ga-maciji da juna. Ta ce min, "Baffa, wannan fa sai an yi taron dangi." Na ce ta tsallake tukuna. Tambayar da ta biyo baya ta fi wuya: bayan an kashe kuɗin an gama aiki, wa zai riƙa kula da ginin, kuma da wane kuɗi? Ta fara rubuta dogon Turanci mai daɗi a kan kwamiti da wayar da kan al'umma. Na ce ta goge. Turancin ba laifi, amma ni na san kwamitin, ni ne sakatarensa, rabon da mu zauna tun kafin azumin bara.

Ina son kuɗin nan, kada a fahimce ni ba daidai ba. Azara ta yi tsada, daga nesa ake kawo ta, kuma dattijo irin Baba bai kamata a sallame shi da "Allah ya saka" ba. Amma tallafi sau ɗaya yake zuwa, damina kuwa duk shekara tana nan tafe. Ginin ƙasa kamar dabba yake a turke, wanda ya saya maka bai ɗauke maka ciyarwa ba. Ta nuna min bidiyon Jenne a Mali, inda gari guda ke fitowa shekara-shekara a yaɓe babban masallacinsu, maza na gudu da kwandunan laka, mata na ɗebo ruwa, yara na ta tsalle a ciki. Masallacin da ke tsaye yanzu tun 1907 yake. Samarin namu suka kewaye wayar suna mamaki, Baba ya leƙa ya ce, "To ai gayya ce. Da can mu ma haka muke."

Bayan la'asar aka gama bangon gabas da rabin na kudu. Na goya Baba a babur zan kai shi gida, muka bi ta gefen badala. Na daɗe ban dube ta da idon basira ba, wucewa kawai nake yi. Wani wuri tudu ne da bola a kai, wani wuri an yanke ta an kafa shago, wani wuri an ƙwaƙule gindinta har ya yi kogo. Wannan fa ita ce ganuwar da Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya sa harsashinta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499. Ita Turawa suka tarar a tsaye a 1903 har sai da suka sa igwa. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, tare da Dala da Kurmi da Gidan Rumfa. Sukur na Adamawa ya shiga tun 1999, dajin Osun na Osogbo a 2005, mu muna layi, abin da za a zo a duba kuma kullum raguwa yake yi. Baba yana bayana yana magana cikin iska, wai mahaifinsa ya ba shi labari a da in damina ta wuce akan yi gayya a gyara inda ruwa ya ci, kowane ɓangare da masu kula da shi.

Ban ce masa komai ba, don akwai abin da ya tokare ni. Ina ɗan shekara goma, lokacin da mahaifinmu zai ƙara ɗaki a gida, ni aka riƙa haɗawa da mai jaki muna zuwa ɗebo ƙasa. Daga jikin badala muke sara. Mangala nawa muka yi, Allah kaɗai ya sani. Ba wanda ya hana mu, ba mu kuma ɗauka laifi ba ne, kowa haka yake yi, ƙasar ma an ce ta fi kyau don ta riga ta kwanta. A ɗakin nan na yi kwanan samartakata duka. In ana zagin masu cin badala a rediyo nakan taya, yau dai bakina ya yi nauyi.

Da na sauke shi a ƙofar gidansa na miƙa masa abin da aka tara, ya karɓa bai ƙirga ba. Ya ce Asabar mai zuwa za a ɓamɓare sauran simintin, a cike ramin da sabon tubali, in lokaci ya ragu a ɗora kan zankon nan. Sannan ya riƙe hannun babur ɗin ya ce, "Ka zo min da yara biyu masu hankali, waɗanda za su tsaya kusa da ni, ba masu ɗaukar hoto ba. 'Ya'yana duk sun koma bulo."

Takardar tallafin tana nan a buɗe, gurbi biyu babu komai a ciki, ranar rufewa saura kwana goma sha ɗaya. Na aika wa dangi saƙo a WhatsApp kan taron, mutum huɗu suka amsa, ɗaya daga ciki tambaya yake nawa za a bayar. Da muna cin tuwo na yi wa babban ɗana zancen Asabar. Ya ce suna da ƙwallo da safe. Na ce ƙarfe nawa ake tashi, ya ce tara. Na ce to tara da rabi ina jiran sa a bakin lungu, ya zo da tsohon wando.